Wa ake yafe wa idan babbar mota ta kashe mutum?

Arzikin ƙasar Jahun a kan taya yake tafiya. Shinkafa da alkamar fadamar kogin Haɗeja, riɗi, kankana, tattasai, busasshen kifi da dabbobin da ake kaiwa Kudu, babu wanda ke isa hannun mai saye sai a bayan babbar mota. Taki, siminti da man fetur ma haka suke shigowa. Titin da ya taso daga Kiyawa ya ratsa Jahun yana haɗewa da babbar hanyar Kano zuwa Haɗeja a Gujungu, inda tireloli da tankokin mai ke wucewa dare da rana ta tsakiyar garuruwan da kasuwarsu da makarantarsu da masallacinsu duk a bakin kwalta suke. A kan wannan hanya ce, a daren Talata 15 ga Oktoba 2024, wata tanka da ta ɗauko fetur daga Kano za ta Nguru ta kife a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura mai maƙwabtaka da Jahun. 'Yan sanda sun ce direban ya kauce wa wata babbar mota ne, sai tankar ta ƙwace masa. Mai ya malala a magudanar ruwa, jama'a suka taru da jarkoki da bokitai, wuta ta tashi. Washegari aka binne fiye da mutum 100 a jana'iza ɗaya, aka rarraba masu ƙuna a asibitocin Ringim, Haɗeja da Kano, wasunsu suka yi ta cikawa ɗaya bayan ɗaya. Kwamitin binciken da Gwamna Umar Namadi ya kafa ƙarƙashin tsohon mataimakin sufeto-janar na 'yan sanda, Hafiz Inuwa, ya ƙidaya mutum 209 da suka rasu.

Abin da ya biyo baya kowa ya gan shi. Gwamnoni, attajirai da hukumomi suka yi ta zuwa Dutse da gudummawa, gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin jinya, daga baya aka raba wa iyalai abin da ya taru. An kyauta, ba mai musu. Sai dai akwai tambayoyin da ba su samu irin wannan amo a bakin jama'a ba: tankar ta wace ce, man na wane ne, wane kamfani ne ya yi wa motar inshora, kuma me doka ta ɗora wa kowannensu? Tallafi kyauta ce, mai bayarwa ne ke yanke adadinsa, a kuma yi masa godiya. Diyya bashi ce a wuyan wanda ya jawo ɓarna, ana lissafa ta da girman asarar da aka yi. A yankinmu biyun sun cakuɗe har ta kai idan mai mota ya aiko da buhun shinkafa da 'yan kuɗin sadakar uku, ana ganin ya fita haƙƙi, har ma ya yi karamci.

Majiya ta fita daban saboda yawan rayukan da suka salwanta. Haɗarin da aka fi sani ba ya shiga rediyo: tirela ta bi ta kan ɗan acaɓa da fasinjansa a kwanar shiga gari, ko gingimari mai lodin shinkafa ta murƙushe amalanke da shanunta da magariba, ko burki ya tsinke mota ta faɗa rumfar masu shayi. Yadda ake ƙarewa ma kusan iri ɗaya ne. Direba ya tsere don kada a far masa, ya miƙa kansa ga 'yan sanda, a ja motar zuwa ofis. Kafin sadakar uku shugabannin tasha da wakilin mai mota sun iso gidan makoki tare da dagaci ko wani dattijo da ake jin kunyarsa. A yi addu'a, a ce direban nan talaka ne mai iyali, yana can a tsare, ba da gangan ya yi ba. Babban wa ko kawun mamaci ya sunkuyar da kai ya ce kwana ne ya ƙare, mun yafe duniya da lahira. A rubuta takarda, a sa hannu, a kai wa 'yan sanda, mota ta fita ta koma lodi. Abin da nake so mai karatu ya duba shi ne wanda wannan yafiya ta faɗa wa aljihu. Iyalan mamaci sun ɗauka direba suka tausaya wa, alhali kuɗin da suka sarayar ba daga aljihunsa za su fito ba tun farko. Mai motar suka yafe wa, da kamfanin inshorar da ko ta'aziyya bai zo ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: direba ne ke kwana a bayan kanta, shi ake nuna wa masu makoki don zuciyarsu ta karaya, riba kuma ta wuce wurin wanda ba a ga fuskarsa ba.

Dalilin da ya sa haka a bayyane yake a dokar ƙasa. Haɗari ɗaya shari'a biyu yake haifarwa. Ta farko tsakanin hukuma da direba ce, a kan tuƙin ganganci, kuma dokar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta shekarar 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ga wanda gangancinsa ya kashe rai. Ta biyu ta neman diyya ce, tsakanin wanda aka cuta da wanda ya cuce shi, kuma ba sai an ɗaure kowa ake cin ta ba. A wannan ta biyun, ƙa'ida ita ce duk ɓarnar da ma'aikaci ya yi yana cikin aikin ubangidansa, ubangidan ma yana ɗauke da ita. Mai tirelar da ke zaune a Kano ko Kaduna ba zai ce ba shi ne ke riƙe da sitiyari ba, tunda shi ya ɗora direban a kai, kuma kuɗin lodin asusunsa suke shiga. Kotunan Najeriya sun daɗe da ɗaukar mallakar mota a matsayin hujjar farko cewa mai tuƙa ta yaron mai ita ne, sai in mai motar ya kawo shaidar akasin haka. Masu motoci kan fake da cewa haya suka ba direba ko sun sayar masa biya sannu a hankali, kuma wani lokaci hakan na kuɓutar da su, shi ya sa sanin sunan da ke kan takardun mota yake da muhimmanci tun ranar farko. Ban da laifin direba, mai mota na iya samun nasa na kansa: taya ta cinye bai canza ba, burki na ciwo an ce a lallaɓa, an ba wanda ba shi da lasisin babbar mota, ko an tilasta wa direba kwana biyu a hanya ba barci. Ƙa'idar hanya ta kayyade wa tanka da tirela kilomita 50 a awa a kan titi irin namu, 60 a tagwayen hanya, kuma tun 2017 ake tilasta wa motocin haya sanya na'urar kayyade gudu. Akwai ma ƙa'idar da ke sauƙaƙa wa talaka: idan mota ta bar titi ta faɗa gida ko rumfa, abin da ya faru ya isa shaidar sakaci, sai mai motar ya bayyana yadda aka yi ba da laifinsa ba.

Sai inshora, wadda yawancin direbobi ke ɗauka takarda ce kawai ta nuna wa ɗan sanda a shinge. Dokar da aka yi a 1945 ce ta fara wajabta wa kowace mota da ke hawa titin Najeriya inshorar kare wanda za ta iya cutarwa, wato mutum na uku wanda ba mai mota ba, ba kamfani ba: mai tafiya a ƙasa, ɗan acaɓa, mai shago a bakin hanya. A tsarin da hukumar kula da inshora, NAICOM, ta fara aiki da shi ranar 1 ga Janairu 2023, ƙaramar mota na biyan naira 15,000 a shekara, babbar motar ɗaukar kaya ta haya kuma naira 100,000, a kan babbar motar kamfani ya ɗauki nauyin ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 5. A lura, wannan iyaka ta dukiya ce. Rai da rauni tsarin bai sa musu iyaka ba, abin da aka daidaita a kai ko kotu ta yanke shi ne. Motar da ta shigo daga wata ƙasar ECOWAS ma ba ta fita daga wannan ba, domin akwai katin inshorar ƙasashen ECOWAS da aka amince da shi tun 1982 don irin wannan. Ma'ana, an riga an biya kuɗin haɗarin tun kafin ya faru. Duk iyalin da suka ce sun yafe ba tare da sun tambayi takardar inshora ba, sun bar wa kamfani abin da ya karɓi kuɗi musamman don ya biya.

Hujja mafi nauyi da ake kawowa ita ce ta ƙaddara, kuma ba ta cancanci a yi mata raini ba. Musulmi ya yi imani cewa ba mai wuce kwanansa, kuma mutane da yawa na jin cewa karɓar kuɗi a kan gawa kamar sayar da ɗa ne, ko jayayya da hukuncin Allah. Amma addinin da ya koyar da ƙaddara shi ne ya shar'anta diyya. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i a kan kisan kuskure ta sauka, ta wajabta kaffara a kan wanda ya yi kisan da diyyar da za a miƙa wa iyalan mamaci, sai in su da kansu suka sadaukar. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Jahun da Haɗeja, ta kawo adadinta a mazhabar Malikiyya: raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Dinari 1,000 kimanin kilo 4 da kwata ne na zinariya, wanda a farashin yau ya kai ɗaruruwan miliyoyin naira, kuma hukumomin zakka irin ta Sakkwato kan fitar da lissafinsa lokaci zuwa lokaci. Fiƙihu bai tsaya a rai ba: hannu ɗaya rabin diyya, ido ɗaya rabi, yatsa raƙuma 10, haƙori 5. Haka kuma Risalar ta ɗora wa mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta lamunin abin da ta taka, tun ƙarni da yawa kafin a ƙera mota. Malaman zamani sun ɗora a kan wannan. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta yanke cewa haɗarin mota yana ƙarƙashin hukunce-hukuncen jinayat, wato ta'adi a kan rai da jiki, direba na ɗaukar lamunin abin da ya ɓata sai in abin ya fi ƙarfinsa ta yadda ba makawa, kuma bin dokokin hanya wajibi ne. Saboda haka wanda ya nemi diyya bai yi wa ƙaddara tawaye ba, abin da Alƙur'ani ya ba shi ya nema.

Za a ce ai ayar ta buɗe ƙofar yafiya, kuma yafiya ta fi lada. Gaskiya ne. To amma wa ke da ikon yafewa? Diyya gado ce, ana raba ta yadda ake raba sauran abin da mamaci ya bari. Matarsa na da rabo, uwarsa na da rabo, 'ya'yansa na da mafi yawa. Kowane magaji rabonsa kaɗai yake iya sadaukarwa. Kawun da ya yi magana a zaure sau da yawa ba ya ma cikin magada idan mamacin ya bar ɗa namiji, matar kuwa tana cikin ɗaki tana takaba, ba wanda ya leƙa ya tambaye ta. Rabon maraya ya fi kowanne tsauri, domin waliyyi ba shi da izinin kyautar da dukiyar yaron da bai balaga ba, aikinsa ya tsare ta. Idan magidanci mai shekara 35 ya bar yara biyar, aka yafe a madadinsu don jin kunyar baƙi, abin da aka yi shi ne kyauta da dukiyar marayu ga mai tirela. Bayan wata huɗu da kwana goma uwar ta fita takaba, a raba yaran a gidajen dangi, wannan a cire shi daga makaranta, waccan a ɗora mata talla. Waɗanda suka yafe ba su ne ke biyan wannan farashi ba. Abin sha'awa, dokar boko ta Arewa ta san da wannan tsari. Dokar haɗurran da suka jawo mutuwa ta Jihar Arewa ta 1956, wadda jihohi suka gada, ta ce idan mamacin Musulmi ne, iyalan da ake nema wa diyya su ne waɗanda Shari'a ta ba rabo a diyyar kisan kuskure. Babbar kotu ba lallai ta yanke dinari 1,000 ba, takan duba shekarun mamaci, abin da yake samu da mutanen da yake ciyarwa, amma a kan su wane ne masu haƙƙi dokokin biyu bakinsu ɗaya.

Wasu kuma na ƙyamar kuɗin ne don daga kamfanin inshora suke fitowa. Majalisar fiƙihun da aka ambata ta haramta inshorar kasuwanci a 1985 saboda garari, ta halatta ta taimakekeniya, wadda ake kira takaful. Wannan tambaya ce ga mai sayen inshora, kuma tana da mafita, tunda NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kamfanoni irin su Noor da Jaiz suna sayar da ta mota. Shi kuwa wanda aka karya wa ƙafa bai ƙulla ciniki da kowa ba, haƙƙinsa yake bi a wuyan wanda ya cuce shi, kuma malamai da dama sun halatta masa karɓa ko ta hannun wa ya zo. A tuna ma cewa a fiƙihu diyyar kisan kuskure ba a kan mai kisan shi kaɗai take ba. Aƙila ce ke biya, wato danginsa na wajen uba, a rarrabe cikin shekara 3, don kada kuskure ɗaya ya tsiyata mutum ɗaya kuma kada jinin wani ya tafi a banza. Yau babu dangin direban da za su tara raƙuma 100. Wanda ya tsaya a gurbin nan shi ne mai motar da asusun da ya zuba wa kuɗi, ƙungiyoyin masu motoci da na direbobi irin su NARTO da reshen direbobin tanka na NUPENG kuma su ne mafi kusa da aƙilar wannan zamani, in da za su karɓi matsayin.

Majiya ta zo da tata tambaya mai ɗaci: mutumin da ya je kwasar man da ba nasa ba, wa zai bi bashi? Nan dole a faɗi gaskiya ko ba daɗi. Doka ba ta cika tausaya wa wanda ya jefa kansa cikin haɗarin da ya sani ba, balle yana ɗibar kayan wani, kuma lauyan mai tanka zai ce faɗuwar mota daban, tashin wuta daban. Talauci ya bayyana dalilin zuwan, domin a watan ne litar fetur ta haura naira 1,000 bayan cire tallafi a Mayun 2023, amma bayani ba hujja ba ce a gaban alƙali. FRSC ta ce cikin mutum 5,421 da suka mutu a haɗurran mota a 2024, mutum 411 wajen kwasar mai suka mutu. Duk da haka, kuskure ne a yi wa duk wanda wuta ta ci kuɗin goro. Wuta ba ta tantance mai jarka da wanda ya fito korar ƙaninsa, ko mai shagon da ke bakin hanya, ko matafiyin da ya tsaya, kuma waɗannan ba abin da ya taɓa haƙƙinsu. Ko wanda yake da nasa sakacin, tsarin da kotunan Najeriya ke bi shi ne raba laifi: idan ɗan acaɓa ya shigo titi bai duba ba, tirela kuma tana gudun da ya wuce ƙa'ida, sai a rage masa diyya gwargwadon nasa kason, ba a hana shi baki ɗaya ba. Masu hawa saman lodi, waɗanda ake gani jingim a kan buhuna ko tare da shanu ranar kasuwa, su ne ke cikin matsayi mafi rauni, domin inshorar motar kaya ba ta fasinja ba ce, kamfani zai ce bai san da su ba. Abin da ya rage musu shi ne bin mai motar da direbansa ya karɓi kuɗinsu.

Mafi yawan haƙƙi ba a kotu yake faɗuwa ba, a makon farko yake zubewa. Lambar mota, sunan da ke jikin ƙofa, hoton takardar inshora da lasisin direba, hoton wurin kafin a ja motar, sunayen mutum biyu ko uku da suka gani, rahoton 'yan sanda da zanen da suka yi, rahoton jami'in duba lafiyar motoci: waɗannan ne jarin mai neman diyya, kuma wayar hannu ta isa tattara rabinsu. Ana iya gane ko inshorar ta gaske ce ta hanyar danna *565*11# a sa lambar motar. Kotu ta kasa diyya gida biyu. Akwai abin da aka kashe ko aka rasa a zahiri, kamar kuɗin asibiti, magani, sufuri, gyaran babur da kwanakin da ba a yi aiki ba, kuma wannan sai da rasit ko shaida ƙwaƙƙwara. Akwai kuma na raɗaɗi, naƙasa da raguwar neman abinci nan gaba, wanda alƙali ke ƙiyastawa bisa rahoton likita. A nan al'adarmu ta ɗauke mai karaya daga asibiti a kai shi wurin mai ɗori take yin ɓarna biyu, domin ko ƙashin ya haɗu, babu hoton ƙashi, babu takardar likita, babu abin nuna wa kamfani. Ba kuma sai an ji tsoron kora ba, domin dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. Lokaci ma yana ci. Dokokin jihohi sun sa wa'adin shigar da ƙara, wanda galibi shekara 3 ne a irin wannan shari'a, idan kuwa motar hukuma ce, akwai dokar kare jami'an gwamnati da ke iya rufe ƙofa bayan wata 3 kacal. Tsohuwar dokar inshora ta 2003 ta kuma sharɗanta a sanar da kamfani cikin kwana 30 da shigar da ƙara kafin a tilasta masa biyan abin da aka yanke. Zaman makoki da jiran a ga abin da mai mota zai yi na iya cinye waɗannan kwanaki ba a ankara ba.

Mai hankali zai ce duk wannan a takarda yake da kyau. Shari'a a babbar kotu na ɗaukar shekaru, lauya na son kuɗi, manomin Harbo ko Aujara ba zai yi ta zarya Dutse yana barin gonarsa ba, wasu kamfanonin inshora sun ƙware a jan rai, takardun bogi kuma sun cika gari, har sai da 'yan sanda suka ƙaddamar da kamen marasa inshora daga 1 ga Fabrairu 2025. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma shi ya sa ba na cewa kowa ya garzaya kotu. Sulhu ya fi sauri, addini ma ya yabe shi. Abin da ke lalata sulhun da muke yi shi ne ɓangare ɗaya ya san darajar abin da ake magana a kai, ɗayan bai sani ba. Wakilin mai tirela ya san motar na asarar kuɗi kowace rana da take tsare, ya san abin da kotu za ta iya yankewa, kuma burinsa a sa hannu kafin hawaye su bushe. Iyalin da suka ce za mu zauna bayan sadakar bakwai, da magada duka, da malamin da ya san rabon gado, da takardar inshora a gabanmu, ba su yi rashin kunya ba, kuma abin da za a miƙa musu zai bambanta ƙwarai. Za su iya cewa a saki direba, ba mu da buƙatar a ɗaure shi, amma maganar diyya tana nan, domin abubuwa biyu ne mabambanta. A kula da abin da ake sa wa hannu: takardar da ta ce an karɓi kaza a matsayin biya na ƙarshe tana rufe ƙofa, ko da ƙafar ta ruɓe bayan wata biyu an yanke ta. Wanda ba shi da kuɗin lauya kuma, dokar 2011 ta hukumar ba da agajin shari'a kyauta ta sanya neman diyyar haɗari cikin ayyukanta, NAICOM ma tana da sashen karɓar koke a kan kamfanin da ya ƙi biya.

Akwai wani amfani da ya wuce gidan mamaci. Mai motar da ya san cewa ran mutum buhun shinkafa ne da kuɗin likkafani ba shi da dalilin kasuwanci na sayen sabuwar taya ko ɗaukar direba na biyu. Ranar da kamfanonin inshora suka fara biyan miliyoyi a kan kowane rai, su da kansu za su fara duba burki kafin su ba da takarda, su tsawwala wa mai yawan haɗari. Bayan Majiya da gobarar mahaɗar Dikko a Jihar Neja ranar 18 ga Janairu 2025, hukumar kula da harkar mai ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 lodi daga 1 ga Maris 2025. Mataki ne mai kyau, amma umarni daga Abuja sai da mai tsaye a kansa, shi kuwa tsoron biya yana bin mai mota har gida. Direba da yaron mota ma suna da rabo a wannan magana, domin dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko iyalansa, haƙƙi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF, wanda ubangida ke zuba wa kashi 1 cikin 100 na albashi. Direbobi nawa ne aka yi wa rajista, wannan tambaya ce da ta kamaci ƙungiyoyinsu kafin su tafi roƙon yafiya a madadin masu motoci.

A shekarar 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta haɗe tsofaffin wuri ɗaya, ciki har da tanadin asusun biyan waɗanda mota marar inshora ta kaɗe ko wadda ta kaɗe ta gudu. Tsohuwar dokar 2003 ma ta kasance da makamancin wannan tanadi, amma da wuya ka sami mutumin ƙauye da ya taɓa jin labarinsa. Wurin da ya kamata labarin ya iske mutane shi ne inda ake fara kai su. Gwamnatin Jigawa na iya ajiye jami'i ɗaya daga ma'aikatar shari'a a manyan asibitocin Jahun, Ringim da Haɗeja, aikinsa ya rubuta lambar mota da sunan kamfanin inshora a ranar da aka kawo mai rauni, ya kuma faɗa wa dangi abin da doka ta ba su. Majalisun masarautun Dutse, Ringim da Haɗeja kuma na iya umartar hakimai da dagatai kada su shaida takardar yafiya sai an kawo jerin magada, an ji ta bakin matar mamaci, an ware rabon ƙananan yara an kai gaban alƙali.